Kwalin da Ya Tafi Argungu

Shagon Malam Muhyiddeen yana Gwadangaji, daidai inda masu keke napep ke juyawa su koma cikin Birnin Kebbi. Ɗan gidan malamai ne, ya kuwa yi karatun zaure mai nisa, amma da girma ya zo sai kasuwa ta ja shi. Ya buɗe shagon kayan masarufi, ya sa firiza biyu a ciki da sola a kan rufi. A unguwar an san shi da hali guda: ba ya rantsuwa a kan kaya. In ya ce man gyaɗan nan na bana ne, to na bana ne. In bai sani ba yakan ce bai sani ba, ko da mai saye zai juya ya nufi shagon gaba.

Cikin abin da yake sayarwa akwai wani askirim mai tsinke wanda aka lulluɓe da cakulan. A kwali ake kawo masa shi daga Sakkwato, shi kuma ba ya barin shi a ciki, don kwali na cin wuri a firiza. Yakan zazzage su ya jera, ya ninke kwalin ya jefa bayan shago. Kwalayen ba sa daɗewa a nan. Abokinsa Hodi, mai sana'ar kifin banda a Argungu, duk sanda ya shigo Birni sai ya kwashe su, domin a cikinsu yake shirya kifin da ake turawa kudu.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Malam da gidan da wasu mutanen Filato ke haya: Dominic, ma'aikacin gwamnati, da matarsa Vivian mai ɗinki, da 'yarsu ɗaya tilo, Shekinah. Tun suna rarrafe Shekinah ke wasa da Jannatu, 'yar Malam. Sai dai Jannatu ta yi ta girma, ita kuwa Shekinah ta tsaya ƙarama, ciki a kumbure, gudawa ba ta barin ta. An sha maganin taifot, an sha na tsutsa, an yi addu'a a coci, Malam ma ya yi tasa. Daga ƙarshe wani likita a Sakkwato ya gano abin: hanjinta ba ya jure wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, wanda ake kira gulutin. Ya ce ba shi da magani, sai dai a raba ta da shi. Daga ranar burodi ya fita daga bakinta, da taliya, da biskit, da cincin, da fanke. Ta koma tuwon shinkafa da acca da doya, ta kuwa murmure har kumatu suka fito. Amma ko kaɗan abin ya shiga cikinta sai ta kwanta. Da sallar bara an ba ta tsire 'yan yanka, ashe mai tsiren ya haɗa ƙulinsa da fulawa, sai da ta yi kwanaki ba ta taka makaranta ba.

Shi ya sa a duk taron yara Shekinah ce mai zama da hannu a cinya, in an miƙo mata abu ta ce ta ƙoshi.

To, sai Jannatu ta sauke Alƙur'ani, aka sa walima ranar Asabar. Abin da ta roƙi ubanta ɗaya ne: bayan an ci shinkafa, a raba wa ƙawayenta askirim ɗin nan mai cakulan. Ya ce ya ji.

Ranar Talata da hantsi shagon ya cika. Malam na auna wa wata tsohuwa sukari, wani na tambayar ashana, sai ga Vivian ta shigo sayen sabulu, yaran biyu na biye da ita.

"Baba, gaya wa Shekinah," in ji Jannatu. "Wai ba ta yarda za a raba askirim ba."

"Za a raba in sha Allahu. Kowace ɗiya da nata."

Vivian ta dubi 'yarta, ta dubi firiza. "Malam, wannan mai cakulan ɗin, akwai alkama a ciki?"

Hannunsa na cikin buhu, idonsa na kan mudu. "Haba, Maman Shekinah. Madara ce da sukari da cakulan. Mi zai kai alkama ciki? Babu."

"Tun da kai ka faɗa, shi ke nan," in ji Vivian.

Shekinah ta kama wuyan hannun Jannatu suka fita da gudu, Malam ya jiyo ihunsu a kan layi, ya yi murmushi ya ci gaba da awo.

Da azahar ya shiga gida cin abinci. Matarsa Ruƙayyatu ta ajiye masa kwano ta zauna gefe tana gyaran shinkafar walima.

"Na jiyo Shekinah ta katanga," in ji ta, "tana tambayar uwarta wai cakulan ɗin aka fara ci, ko tare aka haɗawa. Ta ce kai ka ce babu komi ciki."

"Ni na ce."

"Ka duba?"

Ba da wata manufa ta tambaya ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Amma lomar da ya ɗauka ta tsaya masa a hannu. Ya mayar da ita kwano, ya wanke hannu, ya koma shago.

Ya buɗe firiza ya zaro ɗaya. Ledar fara ce mai ƙyalli, ba komai a jikinta sai suna, da wani ɗan layi a ƙasa da ke cewa bayanin abin da ke ciki yana jikin kwali. Ya zagaya bayan shago. Ba kwali ko ɗaya, Hodi ya share wurin tun makon jiya.

Ya kira Abdussamadu, dillalin da ke kawo masa kaya daga Sakkwato. Abdussamadu ya yi dariya. "Malam, askirim ne fa, ba burodi ba. Madara da sukari. Mi zai kai alkama ciki?" Irin wannan ma ya ƙare a wurinsa, in ji shi, sabon kaya sai bayan Asabar.

Malam ya kashe waya ya zauna a kan benci. Maganar da shi ya yi da safe ita aka dawo masa da ita, kusan kalma da kalma, kuma da ya ji ta a bakin wani sai ya ji ba ta da nauyin komai. Mutum ne ke faɗin abin da ya ga ya dace ya zama, ba abin da ya gani ba. Ya gwada neman sunan a waya, aka jero masa iri-iri: wani da dakakken biskit a cikin cakulan ɗinsa, wani babu, wani na wata ƙasa daban. Bai san wanne ne nasa ba.

Ya kira Hodi.

"Kwali?" in ji Hodi, muryarsa na fitowa cikin hayaniya. "Wane kwali? Kwalaye nawa ka ba ni? Ni kihi nika yi, ba karatu ba. In kana so ka taho ka nema da kanka. Amma ka yi sauri, gobe da la'asar mota za ta kwashe su sai Anacha."

Da ya gaya wa Ruƙayyatu, ta ce, "To ka zagaya ka ce wa Maman Shekinah ba ka sani ba mana. Ai ba laihi ba ne."

Ya juya abin a ransa. Gaskiya ta faɗa, hakan ya fi sauƙi. Amma in ya ce bai sani ba, uwar za ta hana, kuma ƙila askirim ɗin lafiya lau yake. Ke nan ya ɗaga wa yarinya rai da ganganci, ya kuma sauke mata shi da kasala. Amsar tana nan a rubuce, Argungu kuwa ba nisa gare ta ba.

"Zan tahi in gani," in ji shi.

Washegari bayan ya karya ya bar wa Ruƙayyatu makullin shago, ya hau kabu-kabu zuwa tasha, ya shiga motar Argungu. Suka wuce Ambursa, fadama ta buɗe a gefen hanya, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, injinan ban ruwa na ta tari nan da can. Wanda ke kusa da shi manomin albasa ne, ya yi ta ba shi labarin yadda ruɓa ta cinye masa rumbu bara. Malam na amsawa da "Allah ya mayar da alheri", hankalinsa na wani wuri.

Wurin bandar Hodi yana can gangaren gari, kusa da gulbi. Tun daga nesa hayaƙi ke nuna shi. Tarwaɗa ce a nannaɗe jere a kan waya, ta yi baƙi tana ƙyalli, ga manyan yankan giwan ruwa a gefe guda. Hodi ya fito daga cikin hayaƙin, gajere mai faɗin kafaɗa, idanu jajur, yana share hannu a riga.

"A'a! Malamin askirim! Yau mutanen Birni sun tuna da talakawansu."

"Ina talauci ga mai wannan kihi? Ina kwana, Hodi, ina gajiya?"

Suka gaisa har ƙasa, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan Malam ya yi masa bayani: ɗiyar maƙwabcinsa, ciwonta, walima, da kalmar da ta fita daga bakinsa.

Hodi ya saurara yana kaɗa kai. "Ɗiyar Kiristan nan mai ɗinki? 'Yar siririya? Allah sarki. Wato alkama ma cuta ce ga wani." Ya nuna wata rumfa da haɓa. "To ga su can. Sai dai duk an cika an ɗaure. Ka nema, amma kar ka kwance mani ko ɗaya."

Kwalayen sun kai tsayin mutum, an jera su sahu-sahu, kowane an ɗaure shi da igiya tamau. Na sabulu, na taliya, na madara, na batir, duk sun zama na kifi. Mai ya huda wasu ya yi musu taswira. Malam ya tattare babbar riga ya shiga dubawa, yana sauke na sama yana leƙa na ƙasa, Hodi na tsaye yana yi masa tsiya.

"Ka ga abin da karatu ka jawowa. Da ni ne sai in ce bismillah in ba ta."

"Shi ya sa ba a bar maka ɗiyan mutane ba, sai kihi."

Rana ta ɗaga sosai kafin ya gan shi, can ƙasan sahu na ƙarshe: hoton askirim ɗin, an gatsa gefe guda, farin ciki na leƙowa daga baƙin cakulan. Suka ja shi waje. A gefensa an yi rubutu ƙanana da Turanci, da Faransanci, da Larabci. Bokon Malam bai yi zurfi ba, amma Larabci gidansa ne. Ya tsuguna, ya goge man da gefen hannu, ya bi da yatsa. Madara. Sukari. Man kwakwa. Koko. Wasu sunaye na masu ilimin haɗa abinci. Ya kai ƙarshe ya sake dawowa farko. Ba alkama, ba sha'ir, ba biskit.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Babu."

Ya gwada ɗaukar hoto da waya, amma ƙyallin mai ya hana rubutun fitowa.

"Bari wahala," in ji Hodi. Ya zaro wuƙarsa ta fiɗar kifi, ya yanke gefen kwalin daidai saman igiyar da ta zagaye shi ta ƙasa, don kada kifi ya zube. Ya miƙa masa. "Ga shaidarka. Kai wa uwar ta gani da idonta."

Hodi ya sami wani guntun kwali zai toshe ramin. Da ya tura shi ciki sai igiyar ta ɗan zame, wani layi da ta rufe ya bayyana, rubutunsa ya fi sauran ƙanƙanta. Idon Malam ya faɗa kansa, ya kuwa karanta kafin ya yi niyya. An rubuta cewa ana yin wannan a masana'antar da ake sarrafa alkama, kuma mai yiwuwa ne a sami ɓurɓushinta a ciki.

Hodi ya ja igiyar ya mayar da ita inda take. Bai ga komai ba, ko ya gani ma ba zai karanta ba. Malam ya buɗe baki, ya rufe. Hodi ya naɗe masa tarwaɗa a takarda ya ce a kai wa amaryar sauka, suka yi sallama.

A tasha motar Birni ba ta cika ba. Ya shiga ya zauna kusa da taga, guntun kwalin a kan gwiwarsa, warin banda na tashi daga jikinsa.

Ya dubi abin da ke hannunsa. Duk abin da ke rubuce a kai gaskiya ne. Ba shi ya yanke ba, ba shi ya zaɓi inda wuƙa za ta bi ba. In ya miƙa wa Vivian bai ce uffan ba, ita za ta karanta, ita za ta yanke hukunci, shi bai yi ƙarya ba. Kuma mene ne a layin nan? "Mai yiwuwa" ne kawai. Masu kamfani kan rubuta irin wannan don su kare kansu. Ƙila a cikin kwali dubu ba ko ɗaya da ɓurɓushin ya taɓa. Ya tuna yadda yarinyar ta kama hannun Jannatu suka fita da gudu. Wace irin gaskiya ce wannan da za ta ƙwace wa yarinya abu ɗaya da ta sa rai a kai, saboda wani ƙila?

Wata mata ta shigo da kwandon albasa, aka matsa mata. Direba na ta kiran "Birni, Birni, mutum biyu".

Sai dai tunanin bai tsaya inda yake so ya tsaya ba. In layin ba komai ba ne, me ya sa yake jin daɗin cewa wuƙar ta bar shi a baya? In ya tabbata Vivian za ta gani ta ce ba damuwa, ai da ya kai mata. Abin da ya sani shi ne za ta hana, shi ya sa yake son kada ta gani. Wato ba ita za ta yanke hukuncin ba ke nan. Shi ya riga ya yanke a nan cikin mota, ya bar mata sa hannu. Cikin kuwa ba nasa ba ne, ba na ɗiyarsa ba ne. In ƙilan nan ya faɗa kan Shekinah, ita za ta kwanta tana murƙususu, uwarta na cewa ai mun duba.

Akwai kuma wani abu a ƙasan wannan, wanda bai so ya kalla ba amma ya kalla. Guntun nan da ke hannunsa yana gaskata shi. Yana cewa Malam ya ce babu, aka duba, babu ɗin ne. Ya tambayi kansa ko yarinyar yake tausayi ko kalmarsa, bai sami amsa mai tsabta ba. Ya ga dai duka biyun suna nan, sun cakuɗe.

Mutum na ƙarshe ya shigo, direba ya tayar da mota. Malam ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Direba, dakata. Zan sauka."

"Haba Malam! Sai da mota ta cika?"

"Ka yi haƙuri. Na yi mantuwa."

Da ya koma gangare an fara lodi. Kwalinsa na can tsakiyar motar, an ɗora wasu a kai. Hodi ya gan shi ya riƙe ƙugu.

"Mi kuma? Kihin bai isa ba?"

"Akwai sauran rubutu ƙarƙashin igiya. Ina son shi."

"Ka ce in sauke kayan da anka loda, in kwance, in sake wani kwali, saboda layi guda?"

"Saboda shi."

"Mi ya ce, layin?"

Malam ya gaya masa. Hodi ya dube shi ƙasa-ƙasa.

"Ka gan shi tun ɗazu ke nan."

"Na gan shi."

Hodi bai ƙara tambaya ba. Ya juya ya ɗaga murya ga masu lodi: "Ku sauko da na tsakiyan can, mai hoton askirim! Awo, shi! Malamin Birni bai gama karatu ba." Aka sauke, aka kwance, aka juye kifin a wani kwalin sabulu, Hodi na ta mita cewa daga yau kwalin mai shayi zai riƙa karɓa, shi ba ya biyo kayansa. Ya yanko ƙasan ya miƙa masa. Da za su rabu ya ƙara masa yanki guda na giwan ruwa. "Wanga na ɗiyar mai ɗinki ne. Shi dai na san abin da ke ciki: kihi da hayaƙi."

La'asar ta yi sanyi kafin ya iso Gwadangaji. Bai shiga gidansa ba, ya yi sallama a ƙofar su Vivian. Tana kan keken ɗinki a baranda, tana haɗa rigar da Shekinah za ta sa ranar Asabar, yarinyar na zaune a ƙasa tana tsince zare.

"Malam, sannu da zuwa. Lafiya? Wannan warin kifi fa?"

"Daga Argungu nike."

Ya ɗora guntayen biyu a kan teburin keken, ya haɗa bakinsu inda wuƙa ta raba. Kafin uwar ta sa tabarau Shekinah ta miƙe ta sunkuya a kai. Ta saba, yarinya ce da ta koyi karatun jikin gwangwani kafin na littafi. Ta bi Turancin da yatsa, leɓɓanta na motsi, fuskarta na ƙara haske da kowace kalma. Ta tsallaka yankan. Yatsan ya tsaya.

Ta sake karantawa. Sannan ta janye hannunta ta sa a bayanta.

Vivian ta karanta ita ma, ta cire tabarau. "Irin wannan ma likita ya ce mu bari," in ji ta a hankali.

"Na yi zaton haka." Malam ya juya ga yarinyar, ya rage tsawo har idonsu ya daidaita. "Shekinah, jiya na ce wa mamanki babu, alhali ban duba ba. Ban kyauta ba. Ki yi haƙuri."

Ba ta dube shi ba. Ta ce, "Ba komai, Baban Jannatu," da irin muryar da take cewa ta ƙoshi. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Aka bar su su biyu a baranda. Can Malam ya ce, "Ina ganin a fasa raba shi gaba ɗaya. A yi zoɓo da kunun aya, kowa ya sha."

"Kar a fasa!" Muryar Shekinah ta fito daga bayan labule. "Jannatu ta gaya wa kowa. In aka fasa za su ce ni ce."

Vivian ta ɗaga masa gira, alamar ya ji dai. Ya gyaɗa kai. Wannan ma bai yi tunaninsa ba.

Ya ajiye ƙunshin giwan ruwan ya ce saƙon Hodi ne, zai tafi ke nan labulen ya motsa. Rabin fuska ta leƙo, ido ya yi ja.

"Har Argungu ka je?"

"Har Argungu."

"Saboda kwali?"

"Yana cike da kihi ma. Sai da anka sauke shi daga mota."

Ta ɗan yi wani sauti, tsakanin dariya da jan hanci, ta saki labulen.

Ranar Asabar aka yi walima. Jannatu ta yi karatu, kakanninta suka yi ta share ido. Aka ci shinkafa da miyar kifi. Da aka fito da kular askirim yara suka yi caa, Malam na tsaye daga bakin zaure yana kallo. Ruƙayyatu ta riga ta daskarar da kindirmo da zuma a ɗan kofi, ta soka masa tsinke, ta zare ta miƙa wa Shekinah. Fari ne, ba cakulan, gefe guda ya ɗan karkace. Yarinyar ta karɓa ta zauna cikin sahu a sabuwar rigarta tana sha, hannunta dai ba a cinya yake ba. Wata ta tambaye ta me ya sa nata daban, Jannatu ta ce, "Ina ruwanki," maganar ta mutu.

Da taro ya watse ta zo wucewa ta gabansa.

"Ya kika ji shi?" in ji Malam.

Ta yi tunani kafin ta amsa. "Da daɗi. Amma ba shi ba ne."

"Gaskiya ne. Ba shi ba ne."

Ta yi taku biyu ta dawo. "Baban Jannatu, in an kawo wani iri, kar ka ba Baba Hodi kwalin sai na karanta."

Tun daga lokacin akwai ƙusa a bangon shagon, gefen firiza. Duk kwalin da ya shigo, na askirim ko na alewa ko na garin koko, Malam kan yanke gefen da ke da rubutu, tun daga sama har ƙasa, ya soke a ƙusar kafin ya jefa sauran bayan shago. Hodi ya yi ta ƙorafi cewa kwalayen Birni yanzu duk da taga suke zuwa, amma bai daina kwasa ba. Shekinah kuwa in ta taso daga makaranta takan tsaya, jaka a baya, ta zaro sabon da aka soke. Ita ta bi Turancin, shi ya bi Larabcin, kowa da yatsansa, har layin ƙarshe.